Lambar Da Ke Jikin Bango

Shekara tara Ayuba ya yi yana yawo bisa moto, wato babur, tsakanin rassan wata haɗakar manoman hatsi da wake, kuma babu reshen da ba a rubuta lambar wayarsa a bango ba. A Agiye da shuɗin fenti aka rubuta ta. A Gazawa tana jikin ƙofar mangaza, ɗakin ajiyar kaya. A Gidan Rumji kuwa shugaban reshen, Malam Ilyasu, da hannunsa ya rubuta ta da alli a saman kantar da akwatin ke zaune, kuma duk daminar da bango ya yi gumi rubutun ya dushe sai ya sake bin sa.

Akwatin nan shi ne sana'ar Ayuba. Ɗan baƙin ƙarfe ne mai fitilu, bai fi kwanon tuwo girma ba. Duk abin da zai fita daga ordinatar reshe, wato kwamfuta, zuwa babban buro, ofishin haɗakar a Maradi, ko ya shigo daga can, sai ya bi ta cikinsa, shi kuma ya bar na gida su wuce ya tare baƙo. Shi ya sa mutanen rassa suka sa masa suna Maigadi. In an kawo sabon Maigadi, Ayuba ke ɗaura shi a bayan moto ya kai, ya zauna rabin yini yana koya masa aikinsa layi bayan layi, mutane sun yi tsit kamar ana yi wa jariri aski. In fitila ta koma kore sai a yi hamdala, a kawo fura, wani lokaci har da zabuwa. Ba a ce masa Ayuba a wuraren nan. Injiniya ake cewa, kuma Allah ya sani sunan yana yi masa daɗi fiye da zabuwar.

Sai aka ɗauki Maijidda aiki.

Daga Yamai ta zo da takardunta da wata sabuwar dabara. Ta ce kowane Maigadi na zamani yana da lambarsa a ƙarƙashi, kamar shaidar da ake yi wa saniya. Ita daga kujerarta a Maradi za ta rubuta cewa mai lamba kaza na gari kaza ne, ta shirya masa duk abin da zai buƙata. Mutanen reshe su buɗe karton kawai, su sa masa kuran, wato wutar lantarki, su soka wayar rezo mai kawo intanet. Shi da kansa zai kira Maradi ya faɗi lambarsa, ya karɓi umarninsa, ya kama gadi. Ba moto, ba mai, ba kwana a hanya.

Ayuba ya yi dariya a taron da ta faɗi haka. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma da aka gwada a Agiye, minti bakwai fitila ta yi kore, yana tsaye a bayanta yana kallon agogo. Direktan haɗakar ya tafa. Ayuba ma ya tafa, don idanu suna kansa, sai dai ya ji kamar kuncinsa yake mari.

Kishi ya kama shi, ba kaɗan ba. Da a ce yarinyar mai girman kai ce da abin ya zo masa da sauƙi, sai ya samu inda zai rataya ƙiyayyarsa. To ba haka take ba. Yaya Ayuba take ce masa, ta gaishe shi da safe, ta tambaye shi wane reshe ne kuran ke yawan yanke masa, ta rubuta amsarsa a littafi. Shi kuwa Madam yake ce mata, yana jan kalmar yadda kowa zai ji ba girmamawa ba ce. Bayan mako biyu mutanen Agiye suka aiko da ɗan buhun aya a motar kasuwa, irin wanda duk shekara sunansa ake rubutawa a kai. Wannan karon sunanta ne. Ta ɗebo rabi a leda ta kawo masa, ya ce haƙori ke damunsa. Mutumin da jiya-jiya aka gan shi yana tauna ƙashin akuya a bakin tasha.

Wayarsa ma ta rage kuka. Ran nan ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri, Rabilu ne shugaban reshen Gazawa. Suka gaisa har da tambayar iyali, sannan Rabilu ya ce, “Injiniya, don Allah ko Madam na kusa? Layinta ba ya shiga.” Ayuba ya miƙa mata wayarsa, ya fita waje ya tsaya yana goge moton da ba ta da datti.

Ana cikin haka sababbin akwatunan Gazawa da Gidan Rumji suka iso. Aka kira shugabannin rassan biyu Maradi ranar Alhamis su karɓa. Tsarin shi ne ranar Litinin su kunna, a yi mako guda ana gwaji, sannan a fara rabon irin shuka, wanda bana sai an duba katin kowane manomi a sabon jerin sunaye da ke Maradi, kuma jerin ba ya buɗuwa sai ta sabon Maigadi. Maijidda ta manna ƴar takarda mai sunan gari a kan kowane karton, ta yi musu bayani sau biyu, sannan direkta ya kira ta ofishinsa. Aka bar Ayuba da Malam Ilyasu da Rabilu a baranda.

Karton Gidan Rumji ya sha wuya a hanya. Gefensa ya lotse, kuma man gyaɗa ya zubo masa a mota ya yi tabo faɗin tafin hannu. Na Gazawa kuwa fes yake. Rabilu yaro ne mai tarbiyya, bai kai talatin da biyar ba, Malam Ilyasu kuma a shekaru ya isa ya haife shi. Ya dubi kartunan biyu, kunya ta kama shi.

“Haba, Baba,” in ji shi. “Ina ni ina ɗaukar mai kyau in bar ka da wanga? Kawo shi nan.”

“Bar shi, ɗana, ai duk ɗaya na.”

“To tunda ɗaya na, ni ya kamata in ɗauki mai tabo.”

Ya sa farce a hankali ya ɓamɓare takardun biyu, ya manna ta Gidan Rumji a kan mai kyau, ta Gazawa a kan mai tabo, har ya bi da babban yatsa ya daddanne don kada aikin Madam ya lalace. A wurinsa buhu biyu ne na taki iri ɗaya, wa zai ba babba mai huji?

Kafin Malam Ilyasu ya miƙa hannu, sai da ya ɗaga kai ya dubi Ayuba.

Ayuba ya san abin da zai faru sarai. Akwatin zai kira Maradi daga Gidan Rumji ya ce ni ne mai lamba kaza, a ba shi umarnin Gazawa, ya ɗauka, ya nemi hanyar rezon Gazawa a garin da ba ta, daga nan ya kurmance. Kalma huɗu sun isa su hana. Suka taso masa har maƙogwaro, sai ya tuna buhun aya. Ya ce a ransa ai makon gwaji ne, ba wanda zai cutu, yini ɗaya ne Madam za ta ji kunya, a tuna cewa akwai mai moto. Ya yi wa tsohon murmushi, ya kau da kai yana duba wayarsa. Malam Ilyasu ya karɓi karton ya sa wa Rabilu albarka.

Abin da Ayuba bai yi ba shi ne shawara da sama. Ranar Juma'a da asuba hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwan shuka tun daga Gazawa har Gidan Rumji, mako biyu kafin lokacin da ake zato. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san danshin farko ba ya jiran kowa. Kwana biyu, uku in an yi sa'a, rairayi ya bushe. Direkta ya ce ba sauran gwaji, gobe Asabar a kunna a fara raba iri.

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar Maijidda tana gaban ordinatarta. Akwatin farko ya yi sallama, ya karɓi umarninsa, ya yi shiru. Na biyu ma haka. Ta jira minti bakwai, ta jira ashirin. Ta kira Rabilu, ya ce fitila ja ce, kuma mutane sun cika ƙofar mangaza. Ta sa ya kashe ya kunna, ta sa ya sake waya, ta kira kamfanin rezo suka ce nasu lafiya lau. Ayuba yana teburinsa yana jera ƙusoshi a gwangwani, kunnensa duk yana wurinta. Ya ga ta share gumi da gefen mayafi, ya ji wani sanyi a ransa, kuma bai ji kunyar sanyin ba.

Wajen ƙarfe goma ta taso ta tsaya a gabansa.

“Yaya Ayuba, kai ka san rassan nan fiye da ni. Akwai abin da ban gani ba?”

“Ni mi na sani, Madam? Ni ɗan moto ne.”

Ta koma kujerarta.

Wayarsa ta fara kuka kamar da. Malam Ilyasu ne, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Ayuba ya kife ta a kan tebur. Ba kiran tsohon kaɗai yake so ba, so yake direkta da bakinsa ya faɗa a gaban kowa cewa sai da shi. Sai da rana ta take tsaka direkta ya fito, fuska a murtuke, ya ce, “Ayuba, tashi ka tafi Gidan Rumji, sun fi yawan jama'a. Ka yi abin da ka saba.” Ayuba ya tashi a natse, ya saɓa jakarsa, ya bi ta bayan kujerar Maijidda alhali akwai hanya ta gefe.

Hanya ta yi masa daɗi har ya wuce Tibiri. Ƙasa na ƙamshi, ko'ina mutane sun duƙa a gonaki, mai sara rami a gaba masu zuba iri a baya. Yana tafe yana tsara yadda zai shiga, yadda zai ɗan ɓata lokaci yana dube-dube kafin ya juya akwatin, don kada a ga abin da sauƙi. Can gaba ya tarar ruwan jiya ya kwanta a wani kwari ya rufe gudron, kwaltar hanya. Ya ce ai ya saba, ya kutsa. Moto ta yi tari a tsakiyar ruwan ta mutu. Ya turo ta waje, wando jiƙe har gwiwa, ya zauna a gefen hanya yana kwance filogi.

A nan amalanken jaki suka fara wuce shi, daga wajen Gidan Rumji suke, ɗaya bayan ɗaya, buhunansu a naɗe ba komi ciki. Wata tsohuwa da ke zaune a bayan ɗaya ta sa aka ja jaki. Ya gane ta, Inna Cima ce, mai kawo fura reshen duk ranar da ya je.

“Injiniya! Ashe kana tahe? Tun hantsi Malam ke kiranka.”

“Moto ta ƙi, Inna. Kun samu irin?”

“Ina hwa! Tun asuba muke zaune, mun ga rana za ta hwaɗi mu yi biyu babu. Zan je in zuba ɗan abin da ya rage cikin rumbu, ko ƙwari sun ci rabi. Da kai ka kawo akwatin ga da hannunka da ba mu ga haka ba. Allah dai ya bar mana kai.”

Ya ce amin. Ya san garinsu, ya san ba za ta iya sake yin wannan tafiya gobe ba, ya kuma san irin rumbu ba ya yin abin da na haɗaka ke yi in damina ta gajarta. Wayarsa na aljihu. Ko a lokacin, kira ɗaya ya isa. Ya taɓa ta, ya bar ta, ya ci gaba da goge filogi. Ya riga ya yi nisa, kuma har yanzu yana son ya shiga garin a matsayin wanda ya gyara.

Bayan la'asar ya isa. Tun daga ƙofa ya ga ba yadda ya tsara ba. Mangaza a buɗe, ana kiran sunaye, ana auna iri, layin bai kai rabin sawun amalanken da ke ƙasa ba. Wasu suka ce sannu da zuwa Injiniya, suka koma ga buhunansu. Ya shiga buro. Maigadi na kan kantarsa, fitila kore shar, ga wani tsinken tsintsiya a gefensa.

Malam Ilyasu yana zaune a kujerarsa. Ya amsa sallama, ya nuna masa benci, ya sa aka kawo ruwa. Ruwa kawai.

“An gyara ke nan,” in ji Ayuba, yana ƙoƙarin sa murna a muryarsa.

“An gyara. Bayan azahar yarinyar ga ta kira ta ce in juya shi in karanta mata lambar da ke ƙasa. Na karanta. Ta ce Baba, wanga ai na Gazawa na. Na ba ta labarin karton. Ba ta yi mini hwaɗa ba. Ta ce in samo tsinke in danna ɗan ramin da ke bayanshi in ƙirga goma, ita za ta musanya lambobin daga can. Kahin in ajiye tsinken ya yi kore. Rabilu ma haka.”

“Ai abin da na zo yi ke nan. Moto ce ta—”

“Ka san abin da ka zo yi tun daga Maradi?”

Ayuba ya ga ramin da bakinsa ya jefa shi. Ya ɗauki kofin ruwa ya ajiye bai sha ba.

Tsohon bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ce, “Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba. Shekara tara ban taɓa sa hannu ga akwatin ga ba sai na dube ka. In ka ɗaga kai in taɓa, in ka girgiza in bari. Ran Alhamis ma na dube ka kahin in amshi karton. Ka yi mini murmushi.”

“Baba, ban yi zaton ruwa—”

“Ruwa na Allah na. Ta tambaye ni wa ke wurin sa'adda munka yi musanya. Na ce ni da Rabilu. Ban yi ƙarya ba, amma ban cika ba, kuma Rabilu na ce mishi ya kama bakinshi. Ba za ka rasa aikinka ta wajena ba, kana da iyali.” Ya juya ya dubi taga. “Mutum sittin da wani abu sunka koma hannu wohi. Cima na cikinsu.”

“Na gamu da ita.”

“To.”

A waje ana ta kiran sunaye. Ayuba ya so a zage shi, ya so a kira direkta, ya so komi ban da wannan rufin asiri da ya fi mari zafi. Kuma abin takaici, ko a wannan zaman, da ya tuna yadda tsohon ya ce yarinyar ga da taushin murya, sai da kishin ya sake motsa masa.

Malam Ilyasu ya jawo aljihun tebur ya lalubo guntun alli. Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki tsumman da ake share kanta, ya miƙa wa Ayuba duka biyun.

“Ayuba,” in ji shi. Rabon da ya kira shi da sunan nan tun zuwansa na farko. “Idona ba ya ganin ƙananan lambobin waya. Rubuta mini tata a bango, da girma, yadda ko ba ni nan yara za su gani.”

Ayuba ya dubi bangon. Lambarsa na nan, an bi ta da alli sau da yawa har ta yi kauri.

“A ƙarƙashin tawa?”

Tsohon ya dubi tsumman da ke hannun Ayuba, ya koma ya zauna.

Allin shekara tara bai fita da sauƙi ba, sai da ya jiƙa tsumman da ruwan da aka kawo masa ya sha. Da bango ya sha iska ya ɗaga hannu ya fara rubutu. Bai ciro wayarsa ya duba ba. Wata uku yana hararar lambar nan a jikin takardar buro, ashe ya haddace ta.